Tsakanin Zurfin Tunani da Fagen Siyasa: Muhawarar da Falsafar Zamani Ta Kasa Rufewa

Akwai wata tambaya da falsafar zamani ta gada, kuma har yau ba ta sauke ta daga wuyanta ba: shin wanda ya zurfafa tunani a kan adalci da 'yanci da mulki, tunanin nasa ya wajabta masa shiga fagen siyasa, kuma idan ya shiga, tunanin zai iya gaya masa abin da zai aikata? Tambayar tsohuwa ce, domin tun a zamanin Girkawa masanin falsafa Aflatun (Plato) ya yi tattaki zuwa birnin Sirakus da ke tsibirin Sisili da burin ya mayar da mai mulkinta masanin falsafa, ya dawo ba tare da biyan bukata ba. Amma juyin juya halin Faransa na 1789 ne ya sa ta zama ta gaggawa, saboda a nan Turai ta ga mutane sun tashi haiƙan don su rushe tsarin sarauta su kafa sabo a kan ra'ayoyin da aka rubuta a littattafai. Daga nan ba wanda zai iya cewa nazari abu ne na cikin ɗaki kawai, tunda an ga yana iya tuɓe sarki, yana kuma iya kai dubban mutane ga mahalaka.

Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe wanda ya shafe shekaru yana koyarwa a birnin Königsberg, shi ne ya fara shata iyakar ta hanyar da ta yi tasiri ga waɗanda suka biyo baya. A maƙalarsa ta 1784 kan ma'anar wayewar kai, ya raba amfani da hankali gida biyu. Hafsan soja da aka ba umarni dole ya bi, ɗan ƙasa dole ya biya harajin da aka ɗora masa, malamin coci dole ya koyar da abin da cocinsa ya yarda da shi. Amma kowane ɗayansu yana da 'yancin ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa jama'a masu karatu cewa umarnin kuskure ne, ko harajin zalunci ne, ko koyarwar tana bukatar gyara. Wato a wurin Kant tunani yana shiga siyasa ne ta ƙofar muhawara a bainar jama'a, yana sauya ra'ayin mutane sannu a hankali har masu mulki su ga dole su gyara. Bai yarda talakawa suna da haƙƙin yin tawaye ba, ko da mai mulki azzalumi ne. Duk da haka, a 1798 ya rubuta cewa abin da ya fi muhimmanci a juyin Faransa shi ne ɗokin da ya tayar a zukatan masu kallo daga nesa, waɗanda ba su da abin da za su samu a cikinsa, kuma ya ɗauki wannan ɗoki alamar cewa ɗan Adam yana da ɗabi'ar karkata zuwa ga nagarta. Matsalar a fili take: mai kallo ya yaba abin da aka yi, alhali ka'idarsa ta haramta wa mai aikin ya yi shi.

Sai dai akwai wani abu da Kant ya faɗa a 1793 wanda ake yawan tsallakewa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan dukan muhawarar. Yana mayar da martani ne ga masu cewa abu na iya zama daidai a nazari amma ba shi da amfani a aikace. Ya ce tsakanin ka'ida da aiki dole a sami wani abu na uku, wato ikon tantancewa, wanda da shi mutum zai gane cewa al'amarin da ke gabansa yana ƙarƙashin wannan ka'ida ne ko waccan. Wannan iko ba a iya rubuta masa ka'ida, domin ita ma sai ta bukaci wata ka'idar da za ta nuna yadda za a yi amfani da ita, haka har abin ya ƙi ƙarewa. Ya kawo misalin likita ko masanin shari'a da ya yi fice a makaranta, amma idan aka kawo masa mara lafiya ko ƙara sai ya rasa ta inda zai fara. Duk wanda ya riƙe wannan batu zai fi gane abin da ya faru da manyan masu tunanin da suka zo bayansa.

Hegel, wani masanin falsafa Bajamushe, ya ja falsafa baya ƙwarai daga fagen aiki. A gabatarwar littafinsa kan falsafar haƙƙi da doka, wanda ya fito a 1820, ya ce falsafa kullum a makare take zuwa, ya kwatanta ta da mujiyar da ba ta tashi sai da almuru, ma'ana ba ta fahimtar wani zamani sai bayan ya gama nuna kansa. Aikinta ta gane abin da yake akwai, ba ta da hurumin ba wa duniya umarnin yadda ya kamata ta kasance. Kafin shi, Edmund Burke a Ingila ya riga ya yi kashedi a 1790 cewa wanda ya rushe hukumomin da suka ginu cikin ɗaruruwan shekaru saboda wata ka'ida da ya ƙago, zai wayi gari cikin ɓarnar da bai yi tsammani ba.

A kan wannan ja da baya ne Karl Marx ya tayar da ƙayar baya. A 1845, yana zaune a Brussels, ya rubuta wasu gajerun batutuwa goma sha ɗaya kan falsafar Bajamushe Ludwig Feuerbach, waɗanda ba a buga ba sai a 1888, lokacin da abokinsa Engels ya fitar da su bayan rasuwar Marx. Na ƙarshensu shi ne wanda kowa ya sani: cewa masana falsafa fassara duniya kawai suka yi ta hanyoyi daban-daban, alhali abin da ake bukata shi ne a sauya ta. An sassaƙa wannan magana a kabarinsa da ke Highgate a Landan, an kuma rubuta ta a zauren shiga Jami'ar Humboldt da ke Berlin. Da yawa suna karanta ta kamar kira ne a ajiye littafi a fita titi, amma mutumin da ya kwashe shekaru a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya yana nazarin jari-hujja ba zai nufi haka ba. Abin da yake nufi ya fi haka nauyi. A wurinsa tunanin mutane yana tsirowa ne daga yadda suke samar da abin rayuwa da kuma matsayinsu a cikin wannan tsari, don haka babu mai tunanin da ke tsaye a wajen al'umma yana kallonta ba tare da ɓangare ba. Gaskiyar ra'ayi kuwa a aikace ake tabbatar da ita. Da wannan Marx ya rushe katangar da Kant ya gina tsakanin mai kallo da mai aiki, ya ce nazari na gaskiya ɓangare ne na gwagwarmayar da yake bayani a kanta.

Wannan ra'ayi yana da ƙarfin da ba za a musa ba, domin ya tilasta wa mai ilimi ya tambayi kansa wa iliminsa yake yi wa hidima. Amma yana ɗauke da wani haɗari da ya bayyana a hannun magadansa. Lenin, wanda daga baya ya jagoranci juyin juya halin Rasha, a 1902 ya rubuta cewa babu yunƙurin juyin juya hali sai da nazarin juyin juya hali, kuma ma'aikata idan aka bar su su kaɗai ba za su wuce neman ƙarin albashi da gyaran yanayin aiki ba, sai an kawo musu wayewar siyasa daga waje. Wa zai kawo? Jam'iyya, wato ƙaramin rukunin da ya mallaki nazarin. Da zarar an yarda cewa wasu sun san inda tarihi ya dosa, wanda ya saɓa musu ya daina zama abokin muhawara, ya zama cikas a hanya, kuma tarihin Tarayyar Sobiyat a ƙarƙashin Stalin ya nuna yadda ake yi da cikas. Antonio Gramsci, ɗan gurguzu na Italiya wanda gwamnatin Mussolini ta kama a 1926 kuma ya cika littattafan rubutu a kurkuku kafin rasuwarsa a 1937, ya nemi wata hanya daga cikin gidan Marx ɗin: ya ce kowane mutum yana da rabonsa na tunani, kuma kowane rukunin jama'a yana fitar da masu iliminsa daga cikinsa, don haka aikin siyasa mai ɗorewa shi ne samun amincewar mutane ta makarantu da jaridu da ƙungiyoyi tun kafin a kai ga karɓar mulki.

A watan Janairun 1919, Jamus ta sha kaye a yaƙi, sarautarta ta faɗi, tituna cike da masu juyin juya hali, masanin zamantakewa Max Weber ya tsaya gaban ɗalibai a Munich ya yi lacca kan siyasa a matsayin sana'ar rayuwa. Bai ba su abin da suke son ji ba. Ya ce akwai ɗabi'ar mai aƙida, wanda damuwarsa ita ce ya aikata abin da ya yi imani da shi, idan sakamakon ya munana sai ya ɗora laifin a kan duniya; akwai kuma ɗabi'ar mai ɗaukar alhaki, wanda yake lissafa abin da aikinsa zai haifar, kuma ya karɓi sakamakon a matsayin nasa. Ya tuna musu cewa makamin siyasa na ƙarshe shi ne ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa shi ya sani cewa alheri ba kullum yake haifar da alheri ba. Weber bai raina aƙida ba, ya ma ce ɗan siyasa na ƙwarai sai ya haɗa ɗabi'un biyu. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauka kyakkyawar niyya da ingantacciyar ka'ida sun isa su wanke mutum daga abin da hannunsa ya jawo.

Shekaru goma sha huɗu bayan wannan lacca aka sami misalin da har yau yake damun masu falsafa. Martin Heidegger, wanda da yawa ke ɗauka cikin mafiya zurfin tunani a ƙarni na 20, ya karɓi shugabancin Jami'ar Freiburg a Afrilun 1933, ya shiga jam'iyyar Nazi a watan Mayu, ya yi amfani da harshen falsafarsa wajen kiran ɗalibai su bi sabon mulkin. Ya ajiye muƙamin bayan shekara guda, amma ya ci gaba da zama ɗan jam'iyya har 1945. Wannan al'amari ya karya wani zato mai daɗin ji, cewa zurfin tunani yana kare mutum daga mummunan zaɓi a siyasa. Ga mutumin da ya iya tambayar ma'anar samuwa kanta, amma ya kasa gane abin da ke faruwa da abokan aikinsa Yahudawa da ake kora daga jami'o'i.

Hannah Arendt ɗalibarsa ce, kuma ta gudu daga Jamus a wannan shekara ta 1933. Abin da ta gani ya sa ta ƙi yarda a kira ta masaniyar falsafa a wata hira da aka yi da ita a talabijin ɗin Jamus a 1964, ta ce fagenta nazarin siyasa ne. A littafinta na 1958 kan yanayin ɗan Adam ta bayyana inda take ganin kuskuren ya samo asali. Tun daga Aflatun, in ji ta, masu falsafa suna kallon siyasa kamar aikin magini: a zana taswira tukuna, sannan a samo kayan aiki a gina abin da aka zana. To amma bulo ba ya musu, mutane kuwa suna yi. Aikin siyasa yana faruwa ne a tsakanin mutane masu yawa, kowannensu da ikon fara wani sabon abu, shi ya sa wanda ya fara aiki ba ya iya sanin inda zai ƙare, ba ya kuma iya janye shi bayan ya fita. Wanda ya nace sai jama'a sun dace da taswirarsa, tilas wata rana ya fara sassaƙe mutane. Maganin da ta gani ga wannan rashin tabbas yana cikin hulɗar mutane ne: alkawari, wanda ke kafa ɗan tabbaci a gaba, da yafiya, wadda ke sakin mutum daga abin da ya riga ya wuce.

Da a nan ta tsaya, da sai a ce ta sallami tunani daga siyasa. Shari'ar Adolf Eichmann a Kudus a 1961 ta mayar da ita ga batun ta wata fuska. Ta zauna a kotu tana kallon mutumin da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, yana zaune cikin akwatin gilashi, yana amsa tambayoyi da kalmomin ofis da maganganun da ya haddace. Har ya yi iƙirarin cewa ya rayu bisa koyarwar Kant game da wajibi, alhali ya mayar da ita biyayya ga shugaba. Abin da ya girgiza Arendt shi ne ba ta ga wani dodo ba, ta ga mutumin da bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa abin da yake yi ba, bai kuma iya kallon al'amari daga matsayin wani ba. An soki wannan siffantawa da zafi, kuma binciken da ya zo daga baya ya nuna Eichmann ya fi riƙo da aƙidar Nazi fiye da yadda ya nuna a kotu. Amma tambayar da ta fitar ba ta mutu ba. Tunani, a fahimtarta, zance ne da mutum yake yi da kansa, kuma ba ya samar da umarnin aiki. Abin da yake yi shi ne ya sa mutum ya kasa aikata wasu abubuwa, domin ya san da kansa zai kwana bayan ya aikata su. A lokacin da kowa ya bi ayari, wannan ƙin bi ɗin kansa ya zama aikin siyasa. Ta yi niyyar rufe aikinta na ƙarshe da kashi na uku kan ikon tantancewa, tana dogara da Kant, amma ta rasu a 1975 kafin ta rubuta shi.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara da kyau a nan. Duk wannan taka-tsantsan ya fi sauƙi ga wanda ba a taka wuyansa. Frantz Fanon likitan ƙwaƙwalwa ne a asibitin Blida a Aljeriya lokacin da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a 1954, yana duba waɗanda aka azabtar da kuma waɗanda suka yi azabtarwar. A 1956 ya ajiye aikinsa ya shiga ƙungiyar 'yantar da ƙasar, domin ya ga babu ma'ana a warkar da mutum sannan a mayar da shi cikin tsarin da ke haukata shi. Ga wanda ke ƙarƙashin mulkin mallaka, babu dandalin muhawarar da Kant ya dogara da shi, kuma cewa a jira har a gama tunani yana nufin a bar zaluncin ya ci gaba. Wannan gaskiya ce da ba ta da amsa mai sauƙi. Abin lura kawai shi ne Fanon da kansa, a littafinsa na 1961, ya yi dogon gargaɗi cewa jam'iyyar da ta karɓi mulki bayan 'yanci na iya rikiɗewa ta zama sabon ubangida idan ta daina sauraron talakawan da ta yi yaƙi da sunansu.

Rikicin da ya fi fito da matsalar ƙarara shi ne na birnin Frankfurt da ke Jamus a 1969. Theodor Adorno ya kwashe shekaru yana koya wa ɗalibai cewa al'ummar jari-hujja ta daure tunanin mutane, ɗaliban kuma suka ɗauki darasin da gaske suka ce lokacin aiki ya yi. A ƙarshen Janairu suka mamaye cibiyar binciken zamantakewa da yake shugabanta, aka kira 'yan sanda suka fitar da su. Tsohon abokinsa Herbert Marcuse ya rubuto masa daga Kalifoniya cewa idan zaɓi ya kasance tsakanin 'yan sanda da ɗalibai masu ra'ayin sauyi, shi yana tare da ɗalibai, kuma akwai lokacin da nazarin da ya nisanci aiki yake cin amanar kansa. Adorno ya amsa a wasiƙu da kuma wata gajeriyar maƙala cewa aikin da ake yi don kawai a ji an yi wani abu, alhali yanayin bai ba da hanyar nasara ba, ruɗin kai ne, kuma wanda ya ƙi bari a tilasta wa tunaninsa bai miƙa wuya ba. Ya rasu a watan Agusta na wannan shekara, ba su daidaita ba. Ina ganin Adorno ya yi gaskiya cewa matsa wa nazari ya fitar da umarni nan take yana lalata nazarin, Marcuse kuma ya yi gaskiya cewa wanda ya koyar da suka ba zai wanke hannunsa ba ranar da masu sauraronsa suka motsa. Abin da ya raba su bai kasance a ka'ida ba, domin ka'idarsu kusan ɗaya ce. Sun saɓa ne a karanta halin da ake ciki, wato a ainihin wurin da Kant ya ce babu ka'idar da za ta yi wa mutum aikin.

Shi ya sa nake ganin tambayar wanne ne ya kamata ya shugabanci wani, tunani ko aiki, an ɗora ta a karkace tun farko. Ka'ida tana iya gaya wa mutum cewa zalunci haramun ne, amma ba za ta gaya masa ko wannan yajin aiki a wannan mako zai rage zaluncin ko zai ƙara shi ba. Wannan sai da sanin mutane da wuri da lokaci, kuma irin wannan sani ba ya taruwa a kai ɗaya, komai girman kan. Karl Popper ya kai ga makamancin haka ta wata hanya a 1945, inda ya fifita gyara kaɗan-kaɗan da za a iya dubawa a janye idan ya ɓaci, a kan sake ƙera al'umma gaba ɗaya, ko da yake shawararsa ta fi aiki a inda akwai hukumomin da ke karɓar gyara.

Masanin falsafa Bafaranshe Michel Foucault ya gwada wani fasali na daban a aikace. A Fabrairun 1971 shi da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar tattara bayanai kan gidajen yarin Faransa. Ba su fito da tsarin yadda kurkuku ya kamata ya kasance ba. Sun riƙa zuwa ƙofar gidajen yari a ranakun ziyara, suna raba takardun tambayoyi ga iyalan da ke tsaye a layi, suna tattara abin da fursunoni suka faɗa game da abinci da sanyi da horo da ziyara, suna bugawa da kalmomin masu maganar. Hujjarsu ita ce fursuna ya fi kowane farfesa sanin kurkuku, abin da ya rasa shi ne hanyar da muryarsa za ta fita. Wannan fasali yana da iyakarsa, domin bai amsa yadda za a mulki ƙasa ko a rubuta doka ba, kuma wani ne dai yake zaɓar tambayoyin da za a yi. Ƙungiyar ba ta daɗe ba: a ƙarshen 1972 ta rusa kanta, a daidai lokacin da tsofaffin fursunoni suka kafa nasu kwamitin suka ci gaba da fafutukar da sunansu.